A wane mataki zan sanya bidiyo a tsarin darasi?

Assalamu alaikum. Ni ɗalibar koyon aikin malanta ce, kuma an ba mu aikin tsara darasi na minti 40 da za a koyar ta hanyar amfani da kwamfuta. Na zaɓi darasin yadda ruwan sama yake samuwa, na shirya shafuka 12 a PowerPoint da bidiyo na minti 6, amma sau biyu lokaci yana ƙarewa kafin in kai ga auna fahimta. Na rage shafukan zuwa 8, duk da haka malaminmu ya ce bidiyon ado ne kawai, bai taɓa manufar darasin ba, kuma gaskiya ya faɗa. Don Allah, a wane mataki ya kamata in sanya shi domin ya taimaka wa manufar?