Ɗan'uwana ya faɗo daga bene a wurin gini, yaya za mu nemi diyya?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙanena birkila ne, kuma makonni uku da suka wuce katakon da yake tsaye a kai ya karye a hawa na biyu, ya faɗo ya karye a cinya. Ɗan kwangilar ya biya kuɗin asibiti na farko, daga nan ya daina amsa waya, yana cewa mai aikin yini ne, ba ma'aikacinsa ba. Shin doka ta ba shi wani haƙƙi?

Abu Hafsat:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta haɗa har da masu aikin wucin gadi, kuma hukumar NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da asusun inshorar ma'aikata, ita ce ke biya daga kuɗin da masu ɗaukar aiki ke zubawa, wanda ya kai kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Ana son a sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14 da aukuwar hatsarin, a kuma shigar da buƙatar diyyar a hukumar cikin shekara guda, don haka kada ku yi jinkiri.

Ummu Sadiq:
Malam, ku adana rahoton likita da rasit ɗin magani, ku kuma rubuta sunayen leburorin da suka ga faɗuwar, domin idan ginin ya ƙare kowa watsewa zai yi.

Abu Hafsat:
Idan ɗan kwangilar ya ƙi sulhu, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara.