Neman shawara: an ba mu ƙaramar kwamfutar tebur, yaya za mu haɗa ta?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min. Ni ce ke riƙe da ofishin wata Islamiyya a Gusau, rajistar yara da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin wata duk a hannuna suke. Wani daga cikin iyayen yara, Allah ya saka masa da alheri, ya ba mu kyautar kwamfuta irin ƙananan nan da ake ɗauka da hannu ɗaya. A jikinta an rubuta Dell OptiPlex 3060 Micro. Ita kaɗai ta zo a leda, ba caja ba komai. Muna da tsohon monita mai shuɗin baki da sukurori biyu, na duba bayan kwamfutar ban ga inda zai shiga ba. Muna kuma da firinta mai tona, wato mai amfani da garin tawada. Wuta sai a hankali. Kwamiti ya ce in kawo lissafin abin da za a saya, ni kuma ba na son a kashe kuɗin makaranta a kan abin da ba zai yi amfani ba. Me zan fara saya?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Malama. Ni dai a ganina a sayar da ita a cika kuɗi a sayi laftof. Wannan ba ta da batir, ana ɗauke wuta ta mutu, aikin da kike kai ya tafi.

Injiniya:
Baban Khalifa, maganarka ta batir gaskiya ce, amma kada ta sayar. Malama, abu mai kyau aka ba ku. Irin su kamfanoni ke sa wa ma'aikatansu a ofis, kuma sun fi yawancin laftof ɗin da za ki samu a wannan kuɗin ƙarko.

Caja za ki fara nema. Ta Dell ta asali, 19.5V, 65W, ko da ta hannu ce. Ki tafi da kwamfutar shagon a gwada a gabanki, don bakin cajojin Dell iri biyu ne, akwai mai kauri akwai siriri. Dalilin da na ce ta asali: a tsakiyar bakin akwai wata 'yar allura da kwamfutar ke gane caja da ita. In ba ta gane ta ba, za ta nuna gargaɗi tana tashi, sannan ta rage wa kanta gudu. Sai ki ga tana jan ƙafa ki ɗauka ita ce ba ta da lafiya, alhali caja ce.

Monitanku VGA ne. Ita kuma HDMI da DisplayPort gare ta a baya. Ba sai an sayi sabo ba, akwai ɗan adafta na HDMI zuwa VGA, ba shi da tsada. Ki faɗa wa mai shago daga kwamfuta zuwa monita ne, don hanya ɗaya yake aiki, wanda aka yi don akasin haka ba zai kawo hoto ba. Kibod da maus masu waya sun isa.

Kuma tun kuna shagon, a danna F2 tana tashi a ga ko BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na asali, yana buɗewa. Wasu na hannu suna zuwa da kalmar sirrin tsohon ofishinsu. In agogonta na komawa baya duk sanda aka cire ta daga wuta, ɗan batirin ciki ne, CR2032, irin mai faɗin nan kamar kwabo.

Maman Ummi:
Na gode Injiniya, na rubuta duka. To maganar wutar fa? Ita ce ta fi damuna. Lokacin haɗa sakamako sai in wuni a kai.

Mai Sola Zariya:
Hajiya, nan ne ma ƙaramar ta fi babba. A aikin rubutu da Excel ba ta cika wuce wat 20 ba, in monitan mai faɗi ne shi ma kusan haka, ki ƙaddara 50 gaba ɗaya. In za ku haɗa sola, batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200. Ba a so a zuƙe irin wannan batir fiye da rabi in ana son ya daɗe, saura 600 ke nan. A cire abin da inbata ke ci, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta soket, kina da kusan awa 10. Wunin aiki ya fita. Fanel ɗaya matsakaici zai riƙa cika shi.

In kuɗin bai kai nan ba yanzu, a fara da ƙaramar UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Amma kwamiti ya san mintuna take bayarwa, na ki ajiye aiki ki kashe cikin natsuwa, ba ta zama a ci gaba da bugawa ba ce.

Abin da nake roƙonki: kada firinta mai tona ta shiga UPS ko ƙaramar inbata. Tana dafa takarda ne da zafi kafin tona ta kama, lokacin tana jan ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. UPS za ta yi ƙara ta yanke, kwamfutar ta mutu tare da ita. Ki tara abin bugawa, in an kawo wuta ko an tada inji ki buga gaba ɗaya.

Baban Khalifa:
To na ji, amma in aka haɗa kuɗin batir da inbata da fanel ai an kai kuɗin laftof.

Mai Sola Zariya:
An kai, Alhaji. Sai dai wannan batirin zai ba ofishin ƙwan fitila da cajin waya, kuma batirin laftof ta hannu sau da yawa ya riga ya gaji. Ga shi ita wannan ba mai cewa a ara masa ya kai gida.

Anti Malama:
Ƙanwata, ni aikin da kike yi nake yi, bari in ƙara miki nawa. Ki sa a duba ma'ajiyar fayilolinta, ko SSD ne mai sauri a ciki ko tsohon hard disk mai juyawa. In mai juyawa ne a canza, 256GB ya ishe ki. RAM kuma, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita tana kunne, 8GB, irin na laftof take ɗauka. Tunda ta hannu ce, a goge ta a sa Windows 11 sabo fil. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, taku kuma injinta na Intel zubi na 8 ne, tana ɗaukar 11.

Ki sa a ƙara miki kibod na Hausa a saitin harshe, sunayen yara su fito da ƙ da ɗ da ɓ yadda suke. Iyaye suna lura da wannan.

Sai ajiya. Duk ranar Alhamis kafin ki rufe ofis, ki kwafe fayilolinki a filash, filash ɗin ya tafi gida a jakarki, kada ya kwana a durowa ɗaya da kwamfutar. Kuma kada ki bar kowa ya riƙa soka nasa filash ɗin, ta nan cuta ke shiga.

Injiniya:
Anti ta gama magana. Ƙura kawai zan ƙara. Ta gaba take shaƙar iska ta fitar ta baya, fankarta ƙarama ce. Kada a rufe ta cikin durowa, kada a ɗora rajista a gabanta. Da hunturu ki lulluɓe ta bayan kin kashe, amma ba tana kunne ba. Sukuru ɗaya ne a bayanta, ana kwance shi murfin ya zame gaba, mai gyara zai hure miki ita cikin minti kaɗan. Ba duka ke zuwa da Wi-Fi ba. In taku babu, ki haɗa wayarki da kebul ki kunna raba intanet ta USB.

Maman Ummi:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kai lissafi, kwamiti ya amince da caja, adafta, kibod, maus da UPS yanzu, sola sai bayan an karɓi kuɗin zango mai zuwa. Injiniya, tambaya ɗaya: monitan ma a UPS zan sa shi?

Injiniya:
E, Malama, su biyun. In monita ya mutu ba za ki ga inda za ki danna ki ajiye ba. Firinta kaɗai ce za ta tsaya a soket ɗin bango.