Neman kalmar Hausa: me za mu kira "kaizen"?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri a kan yadda kamfanin Toyota na Japan yake karɓar shawarwarin ma'aikatansa, tsarin da ya fara a 1951 bayan Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, ya ziyarci masana'antar Ford a Amurka. Kalmar Japananci ta "kaizen" ce ta tsaya mini. Ana nufin ƙananan sauye-sauyen da ma'aikaci da kansa yake kawowa kullum, kamar matso da akwatin ƙusoshi kusa da hannu don a daina yawan sunkuyawa.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. "Ingantawa a kai a kai" ta fi dacewa. "Gyara" yana nuna wani abu ya lalace, alhali a wannan tsari ko aiki yana tafiya daidai ana neman ya fi haka. "Kyautatawa" kuwa, mai sauraro zai ɗauka alheri ake yi wa ma'aikata.

Tsohon ɗan jarida: Malama, wannan bayani ne, ba suna ba. Ni tun tuni nake cewa "ingantau", bisa awon "aikatau" da "korau". Tunda Japanawa sun kira abinsu da kalma ɗaya, me zai hana Hausa?

Injiniya: Ranka ya daɗe, a bar ta "kaizan" kawai. Habasha ta kafa cibiyar koyar da tsarin a 2011 ba ta sauya masa suna ba, kuma wanda ya ji sunan asali zai iya neman ƙarin bayani.

Tsohon ɗan jarida: Wannan raina harshe ne, kuma haka kuke cusa mana baƙin kalmomi har yaranmu su kasa haɗa jimla ɗaya da Hausa tsantsa.

Malamar Hausa: Baba, "shawara" ma daga Larabci muka aro ta, ba ta rage wa Hausa daraja ba. Matsalar "ingantau" ita ce kunne yana jin ta kamar sunan abin da aka riga aka inganta, ba aikin da ake ci gaba da yi ba.

Mai shirin rediyo: Na gode. Zan ambaci "kaizan" sau ɗaya a farko, sannan in ci gaba da "ingantawa a kai a kai".

Tsohon ɗan jarida: To, shirinka ne. Ban gamsu ba, amma aƙalla ka bayyana cewa shawarar daga ma'aikata take tasowa, kuma shugabanni suna ba da amsa, domin sunan da kuka zaɓa bai faɗi wannan ba.