Wasiƙar maƙwabta ta dawo min, ya zan yi?

Salam jama'a, don Allah waɗanda ke New Jersey a Amurka ku taimaka. Ina neman izinin maida garejin gidana shago, kuma doka ta ce sai na sanar da duk mai gida da ke cikin ƙafa 200 daga filina, aƙalla kwana 10 kafin ranar da hukuma za ta zauna ta saurari buƙatata. Na karɓo jerin sunaye daga ofishin haraji, na tura wasiƙu masu rajista, rasit na hannuna, amma guda biyu sun dawo wai babu mai karɓa. Na je na ƙwanƙwasa, ɗaya ƴan haya ne ba su ma san inda mai gidan yake ba, ɗayan ashe an sayar. Lokaci na ƙurewa wallahi. Rasit ɗin gidan waya ya isa hujja, ko sai na nemo sabon mai gidan?