Neman shawara: takardar kayan kashe gobara ce da Faransanci, an ce in mayar da ita Turanci

Ɗan Kantin Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu Faransanci da waɗanda suka san aikin kwana-kwana ku taimaka min. Kawuna ne a Maradi ya samu kwangilar sa kayan kashe gobara a wani babban sito, takardar kayan duk da Faransanci take, shi kuma wanda zai turo kayan daga China Turanci kawai yake ji, shi ne aka ɗora min fassara tunda na ɗan yi Faransanci a makaranta. Sauran shafukan na wuce su lafiya lau amma da na zo wajen mahaɗin mesa sai na cije. An rubuta "demi-raccord symétrique DSP DN 65 à douille annelée, avec verrou, pour tuyau de 70", can ƙasa kuma akwai AR 100, da bouchon, da clé tricoise, da division. Na sa a Google ya ba ni wani abu da ni kaina ban gane ba balle ɗan China. Kuma me ya sa mahaɗi 65 zai hau tiyo 70, ko kuskuren mai buga takardar ne? Tsorona kar kwantena ta iso kayan su ƙi shiga juna, kuɗin mutane ne.

Malam na Zinder: Wa alaikumus salam. Ɗana ba kuskure ba ne, haka tsarin Faransa yake kuma shi muke bi a Nijar. Tiyo mai faɗin milimita 45 yana tafiya da mahaɗi 40, tiyo 70 da 65, tiyo 110 da 100. Ka bar lambobin yadda suke, kar ka ce za ka gyara musu. Na yi aikin pompiye, wato kwana-kwana, har na yi ritaya, waɗannan ƙarafunan a hannuna suka tsufa. Symétrique na nufin babu namiji babu mace, kawunan biyu iri ɗaya ne, ka haɗa su baki da baki ka murɗa zoben ya kama, shi ya sa cikin dare da hayaƙi ba ka tsayawa neman wane kai ne na gaba. Zoben nan da ake murɗawa shi ne verrou.

Hajiya mai fassara: Ni aikina ke nan, ga yadda zan rubuta layin: DSP symmetrical half coupling, DN 65, with serrated hose tail and locking ring, for 70 mm hose. Demi-raccord rabi ne, wato kai ɗaya, to ka lura da adadi, in an ce 20 kai ashirin ake nufi, mesa goma ke nan. Bouchon shi ne blank cap, murfin toshe baki. Joint kuma gasket ne, robar da ke ciki, kar ka bar shi joint don a Turanci wani abu daban za a fahimta. Refoulement, wato tura ruwa, delivery ne, aspiration kuma, wato zuƙo ruwa, suction. Clé tricoise, sifanar ɗaure mahaɗi, ka sa coupling spanner. Amma DSP da AR da Guillemin sunayen ire-iren mahaɗin Faransa ne, ba a taɓa su, yadda ba ka fassara Toyota.

Injiniya Kd: Ni dai a ganina ya rubuta Storz kawai ya huta, ai shi ma babu mace babu namiji kuma 'yan China sun fi saninsa, ko'ina akwai shi.

Malam na Zinder: A'a Injiniya, wallahi nan ne za a yi asarar. Storz na Jamus ne, haƙoransa ƙanana ne suna shiga cikin rami a fuskar ɗan uwansa, na Faransa kuwa muƙamuƙi biyu ne a waje zobe yana hawa su. Ko ka kwana kana murɗawa ba za su kama juna ba. Ka yi tunanin motar pompiye ta zo sito yana ci da wuta, a jawo tiyo a zo bakin famfo a tarar Storz ne, kowa na kallon ruwa ba halin ɗauka.

Injiniya Kd: Na karɓa Baba, Allah ya ƙara girma. To bari in ƙara nawa ta ɓangaren Najeriya, mu nan yawanci na Ingila muke gani, instantaneous, mai lamba BS 336, inci biyu da rabi, namiji da mace, ka tura ya yi ƙas ya kama, in za ka cire ka ja kunnuwan nan biyu. To kar ya kuskura ya fassara wani abu da instantaneous coupling don ya ga ana cewa mai saurin haɗawa ne, mai kaya na ganin kalmar nan na Ingila zai loda masa.

Hajiya mai fassara: Gaskiya ne, kuma abin da zai rufe ƙofar gardama shi ne lambar ma'auni. Ka duba takardar da kyau za ka ga NF, alamar ma'aunin Faransa, DSP nasa NF S 61-704, AR kuma NF S 61-705, Guillemin NF E 29-572. Ka kwafe su harafi da harafi a gefen kowane layi. Ni tebur nake yi, Faransancin a hagu, Turanci a tsakiya, lamba da hoto a dama, in mai kaya bai gane Turancina ba zai gane lambar. Sai maganar division, abin da ke raba ruwa zuwa tiyo biyu, nan ka zaɓi Turancin da za ka bi ka tsaya a kai, Ingila suna cewa dividing breeching, Amurka suna cewa wye, haka lance, kan da ke fesa ruwa, a Ingila branchpipe a Amurka nozzle. Kar ka gauraya su a takarda ɗaya.

Ɗan Kantin Kwari: Kai Allah ya saka da alheri, Hajiya na duba lambobin suna nan a ƙasan shafi da ƙananan baƙi ni ban ma kula da su ba. Baba to Guillemin da DSP ɗin fa, a hoto ni duk ɗaya nake ganinsu, in mai kayan ya ce Guillemin gare shi in karɓa?

Malam na Zinder: Kar ka karɓa sai mai aikin ya yarda a rubuce. A ido kamarsu ɗaya, amma DSP robarsa mai leɓe ce, ƙarfin ruwan ne ke danna ta ta toshe da kanta, shi ne auto-étanche da za ka gani a takarda. Abin da aka rubuta shi za a duba ranar karɓar aiki. Ka ce ya turo maka samfur guda biyu tukuna, kawunka ya kai ofishin pompiye na Maradi su gwada a jikin tiyonsu kafin a biya kuɗin kwantena.

Hajiya mai fassara: Auto-étanche ɗin ka sa self-sealing. In ka gama teburin ka ɗora shi nan mu duba maka, musamman wajen zare, in ka ga filetage gaz, BSP ake nufi, wato zaren Ingila, kar a turo maka zaren Amurka.

Ɗan Kantin Kwari: In sha Allah yau da daddare zan ɗora, saura shafin poteau d'incendie, wato famfon ɗiban ruwan kashe gobara, da RIA, mesar nan da ake naɗewa a jikin bango, su ma akwai inda na tsaya.