Shagon maganin gona a Jega: in kama wani ɗaki ko in gina sito?

Ɗan Jega: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina sayar da maganin gona a Jega. A ƙuryar shagon nake jibge maganin ciyawa da na ƙwari da gwangwanayen ƙwayar bom, wadda ake sa wa hatsi don kashe ƙwari. Buhunan wakena goma sha biyu ma suna nan, yarona kuma nan yake kwana saboda ɓarayi. Da zafin Afrilu kwano ya gasa ɗakin har jarka biyu suka kumbura. Ga damina ta ƙarato. Mai gidan ya ce akwai ɗaki a bayan layi, dubu 180 a shekara, amma a kwari yake, ruwa na kwanciya a ƙofarsa. In kama shi, ko in gina ɗan sito na bulo a filin bayan shagona?

Sarkin Noma: Wa alaikumus salam. Sa fanka mai sola, magana ta ƙare.

Abu Kamba: Nawa kake ba da katan ɗin maganin ciyawa yanzu? Ina neman biyar.

Baba Na-Yawuri: Ɗana, bar zancen haya tukuna. Yau ɗin nan ka fitar da yaron nan daga ɗakin. Ɗan ƙanena haka muka rasa shi, shekararsa 17. Maigidansa ya sa bom a buhunan masara, ya rufe taga da tsumma don maganin ya kama, yaron na kwance a gefe. Daren an yi ruwa. Da asuba aka same shi yana amai, yana cewa ƙirjinsa ya ɗaure. Muka ɗauka zazzaɓi ne, muka tsaya jiƙa masa magani. Da muka kai shi asibiti likita ya tambaye mu inda ya kwana, ya ce ƙwayar nan da ta sha danshi take sakin iska mai guba. Kafin la'asar ya cika. Warin tafarnuwar da ke jikin rigarsa har yau yana hancina.

Maman Hafsa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Baba.

Malamin Gona: Allah ya gafarta masa. Ɗan Jega, kada ka kama ɗakin kwarin nan. Bom da ruwa ba sa haɗuwa, ko gobara ce ba a kashe shi da ruwa. Ka tuna ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ba gona kaɗai ta shiga ba. Ka gina sito mai daɓen siminti, da tagogin iska sama da ƙasa, ka ɗora kaya a kan katako. Na ruwa a ƙasa, na gari a sama, don ko ya zuba kada ya jiƙa na ƙarƙashinsa. Duba zanen da ke gindin takardar kwalba: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, shuɗi, kore. Masu ja a sa musu kwaɗo. Ajiye bokitin yashi na tsane abin da ya zube. Wake kuwa ya bar wurin gaba ɗaya.

Sarkin Noma: Malam, wannan na takarda ne. Shekara ashirin ina ajiye nawa wuri guda, ko ciwon kai ban yi ba. Kai ka taɓa biyan kuɗin bulo?

Baba Na-Yawuri: Maigidan yaronmu ma haka ya ce ranar zaman makoki, wai shekara da shekaru yake yi. Ko kuɗin likkafani bai kawo ba. Uwar yaron har yanzu ba ta bi ta layin shagon.

Injiniya Bunza: Ƙaramin sito dubu 450 ya ishe ka, ni na yi bara.

Abu Kamba: Dubu 450? Sai dai ko akurkin kaji. Nawa ya haura miliyan ɗaya, ban ma yi filasta ba.

Ɗan Argungu: Ku bar Injiniya, shi har yanzu da farashin zamanin Shagari yake lissafi. 😂

Bazamfare: Ku yi dariya, amma mu mun ga abin da shigar da aikin guba cikin gida ke yi. A 2010 dutsen zinariya mai dalma aka riƙa niƙawa a tsakar gidaje a yankin Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka mutu. Su ma iyayen cewa suke ba su taɓa ganin illa ba. Ni maganar malamin gona zan bi.

Ɗan Jega: Na gode. Yaron ya koma kwana gida tun jiya. To amma filin bayan nawa, katanga ɗaya ce tsakaninsa da mai tuya ƙosai. Ba matsala?

Maman Hafsa: Tunda ga masu shago a nan, ina da magana. Don Allah ku daina sayar wa mata jarkokin da magani ya ƙare. Maƙwabciyata a ciki take zuba kunun zaƙi, wai ta wanke da omo sau uku. Wasunku kuma suna tsiyaya wa manomi a robar lemo, ba suna ba komai, ya kai gida yara na gani.

Malamin Gona: Gaskiyarki, Hajiya. Jarka a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin tankin feshi, sannan a huda ta.

Sarkin Noma: A huda jarkar da ake saye ɗari biyar? Ai manomin ne ke cewa kuɗinsa na rabin lita ne. Tun 2019 da NAFDAC ta hana ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa, awo ya ƙaru.

Abu Kamba: Awon nan ai shi ya buɗe wa masu algus ƙofa. Bana na sayi lita huɗu, na fesa a fadama, ciyawa ta ƙara kore kamar na zuba mata taki. Na koma wurin mutumin ya ce wai ruwan rijiyata ne ba kyau. Akwai wanda ya san yadda ake gane na jabu kafin a buɗe murfi?