Injin yanka sitika na farko: wanne zan saya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Da buroshi nake rubutun allunan talla, yanzu ina son komawa sitika. Kuɗina ba su kai na Roland ko Graphtec ba. Na ga Silhouette Cameo da Cricut, sun isa in fara da su?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, faɗin injin za ka fara dubawa. Waɗannan ƙananan yawancinsu inci 12 ne, sun fi dacewa da riguna da kofuna. Sitikar allo kuwa a naɗin inci 24 ta fi zuwa. Ranar da aka kawo maka babban allo sai ka yi ta haɗa harafi guntu-guntu, kuma haɗin yana fitowa. Nemi mai inci 24, ko na hannu ne. Masu araha motarsu stepper ce, wato mai juyawa taki-taki, ga ƙara, ba ta kai servo, motar injina masu tsada, iya ƙananan haruffa ba, amma manyan rubutu tana yankawa lafiya. Kafin ka biya, sa a ja sitika mai tsawo ka gani ko tana karkacewa. Nan ne injin banza ke tona kansa.

Mai Zane: Ƙari kan bayanin Malam: tambayi manhajar da yake aiki da ita. Ta Cricut tana yawan neman intanet. Ni da Inkscape nake zane, kyauta ce.

Tsohon Hannu: Ka ware kuɗin wuƙar injin ma. Mai digiri 45 ta aikin kullum, mai 60 ta sitika mai kauri.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Na hannun zan nema.